Kalmomin asibiti a kan shanyewar ɓarin jiki: yaya za mu faɗe su da Hausa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Yau kwana 19 ke nan da mahaifinmu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya dawo daga sallar Asuba yana zaune a kan buzunsa yana lazimi, sai ƙanwata da ta kawo masa koko ta ga carbin ya zame daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, yana ƙoƙarin kiran sunanta amma abin da ke fitowa ba magana ba ce. Shekaranjiya aka sallamo mu daga asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi da takarda shafi biyu, kuma ni aka ɗora wa nauyin yi wa Inna da sauran 'yan gida bayani, tunda ni ne ɗan boko. Da na zauna zan fassara, sai na ga iyakar abin da na iya faɗa shi ne jikin Baba ya shanye, abin da kowa ya riga ya gani da idonsa, alhali takardar ta ambaci iskimik sitirok, da hemiferesis, da afeziya, da disfejiya, da fiziyo. Ina roƙon masu sani su warware mini waɗannan da Hausar da tsohuwa za ta gane.

Malamar Jinya ta Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Ƙanena, kafin in shiga kalmomin ɗaya bayan ɗaya, akwai abin da nake so ka fara gaya wa Inna, domin duk sauran a kansa suka hau: hannun Baba da ƙafarsa lafiyarsu lau, ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa. Jini ne ya daina isa wani sashe nata, sashen ya lalace, saƙon da yake aika wa gaɓoɓi ya yanke. Kuma jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa suna tsallakawa ne, ɓangaren hagu ke juya daman jiki, na dama ke juya hagu. Saboda haka Baba da damansa ya shanye, a hagun ƙwaƙwalwarsa abin ya faru, kuma a nan ne ma'ajiyar magana take ga yawancin mutane, shi ya sa maganar ta tafi tare da hannun.

Iskimik na nufin toshewa ce: gudan jini ya tsaya a jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ɗaya nau'in kuwa fashewa ce, jijiyar ta yage jini ya malala a ciki. Hemiferesis raunin ɓarin jiki ne, wato akwai sauran ƙarfi ko da kaɗan. Da a ce babu motsi sam, da hemifilejiya za su rubuta. Afeziya ɓacewar magana ce, disfejiya kuma wahalar haɗiya. Ina da ƙorafi a kan kalmarmu ta shanyewar jiki, domin tana kai idon mutane kan hannu da ƙafa, sai ka ga an ɗauko man zafi ana ta murza hannu awa biyu maimakon a nemi mota.

Malam na Tafo Zango:
Allah ya ba shi sauƙi. Malama, na amfana da bayaninki, amma ban yarda a ɗora wa kalmar laifi ba. Bahaushe tun asali da abin da ido ya gani yake raɗa wa cuta suna, kuma ba shi kaɗai ba ne. Na ji an ce kalmar sitirok da Turawa suke amfani da ita ma ba ta nufin komai sai bugu, kamar mutum yana tsaye aka buge shi, ba ta ambaci ƙwaƙwalwa ko jijiya ba. Idan sun zauna da tasu, me zai sa mu guje wa tamu? Abin da ke kai mutane ga man zafi da turaren hayaƙi ba suna ba ne, rashin wanda zai yi musu bayani ne, da kuma zaton cewa duk ciwon da ya zo farat ɗaya iska ce ko jifa.

Malamar Jinya ta Asawase:
Malam, Allah ya gafarta, ban ce a jefar da kalmar ba. Cewa na yi a riƙa haɗa ta da bayani. Ni a ɗakin jinya nakan ce wa 'yan uwan majinyaci shanyewar jiki daga toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, ko daga fashewarta. Ya fi tsawo, amma wanda ya ji shi sau ɗaya ba zai sake tambaya ta me ya sa aka ɗauki hoton kai alhali ƙafa ce ba ta motsi ba, tambayar da kusan kowane mako sai an yi mini ita.

Ɗalibin Likita a KNUST:
Da izinin manya, ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST ta nan Kumasi, ina so in ƙara a kan wannan bambanci na toshewa da fashewa, domin a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. An yi wani babban bincike mai suna SIREN a asibitocin Gana da Najeriya, ciki har da nan Kumasi da Akara da Ibadan da Kano, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Fred Sarfo na nan Kumasi suna cikin jagororinsa. A sakamakon da suka fitar a 2018, cikin majinyata 2,118, kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. A ƙasashen Turai da Amurka fashewa ba ta kai haka ba, ba ta cika wuce kashi 15 ba. Kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo ciwon.

Amfanin sanin wannan shi ne, da ido ba a iya bambance nau'in biyu, sai da hoton kai na siti sikan. Wanda jijiyarsa ta toshe ana ba shi asfirin don jinin ya rage kamawa, amma wanda tasa ta fashe, asfirin ƙara masa zubar jinin zai yi. To, tunda a nan kusan mutum ɗaya cikin uku fashewa ce, duk wanda ya jefa wa majinyaci asfirin a baki kafin hoto, caca ya yi da ransa. Sannan a daina haɗa wannan ciwo da bugun zuciya. Wancan jijiyar zuciya ce ke toshewa, alamarsa ciwon ƙirji da gumi, kodayake uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ta wajen hawan jini da suga da taba.

Kawu Direba:
Salamu alaikum. Ni ba masani ba ne, amma akwai saƙon da ya daɗe yana yawo a WhatsApp, an turo mini shi ya fi sau biyar, cewa idan abin ya sami mutum a ɗauki allura a tsattsaga kan yatsunsa goma da kunnuwansa har jini ya fito, wai nan take zai farfaɗo. Shin akwai gaskiya a ciki?

Malamar Jinya ta Asawase:
Kawu, babu gaskiya ko ta anini, kuma don Allah idan an sake turo maka kada ka tura gaba. Ɗigon jini daga yatsa ba ya kawar da gudan jinin da ke cikin kai, lokaci kawai yake ci. Masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, a kowane minti ɗaya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa. Allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, kuma daga lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe ake ƙirgawa, ba daga isarsa asibiti ba. Saboda haka a duba agogo a riƙe lokacin.

Gwajin da kowa zai iya yi uku ne. A ce ya yi murmushi a ga ko baki ya karkace, a ce ya ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya na saɓulewa, a ce ya faɗi wata gajeriyar magana. Ko ɗaya aka gani, a kira 112, in kuwa motar asibiti za ta yi jinkiri, irinku direbobi ne abin nema, tasi ko firagiya, wato babur mai ƙafa uku, duk wadda ta samu. Kuma ko da alamun sun wuce bayan minti goma mutum ya miƙe yana cewa ba komai, a tafi da shi a ranar. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira ti-ai-e, ni kuwa nakan ce masa ɗan aike, domin sau da yawa babban yana biye da shi cikin 'yan kwanaki.

Hajiya Maman Tagwaye:
Ɗana na Aboabo, sannu da jinya, ka gaishe mini da Innarka. Ni ba zan yi maka maganar likita ba, shekara huɗu na yi ina jinyar Alhaji kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma abin da na sani a gefen gado na koye shi. Cikin kalmomin da ka lissafa, wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta haɗiya. A makon farko da muka dawo gida, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce a ba shi ruwa, ai ƙishi yake ji. Wata ƙanwarsa ta ɗaga kansa yana kwance ta ɗura masa ruwa da kofin silba, ya yi tari idonsa ya yi ja, muka ce ƙwarewa ce kawai. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, muka koma asibiti aka ce ruwan ya shiga huhu, ya zama ciwon huhu, sai da aka zura masa robar abinci ta hanci. Daga nan na koyi cewa ruwa tsurarsa ya fi koko mai kauri wuyar haɗiya gare su, abin da hankali ba zai fara kawowa ba. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, a duba kuncin da ya shanye domin abinci na maƙalewa a nan bai sani ba, kuma kada a kwantar da shi sai bayan rabin awa.

Na biyu shi ne gyambon kwanciya. Kowace awa 2 a juya shi, dare da rana, a duba ƙugu da dunduniya da gadon baya. Da zarar fata ta sauya launi ko ta yi zafi a taɓa, gyambo na hanya. Mu jadawali muka rubuta a jikin ƙofa muka raba wa yara.

Sai kuma abin da har yau nake nadama. Bayan wata takwas Alhaji ya fara takawa da sanda, sai wani mai tallar magani da lasifika a mota ya sayar mana da jarkoki uku, ya ce yana wanke jijiya, amma sharaɗinsa a ajiye na asibiti. Muka ajiye ƙwayar hawan jini. Ba a rufa wata biyu ba abin ya dawo, kuma na biyun ne ya kwantar da shi gaba ɗaya.

Ɗan Aboabo:
Allah ya jiƙan Alhaji da rahama, Hajiya, ya saka miki da alheri. Maganar ruwa ta taɓa ni, domin ba zan ɓoye ba, ana kawo wa Baba rubutu daga wurin abokansa, kuma Inna tana ba shi safe da yamma. Jiya na ji muryarsa ta yi kamar mai kurkure baki bayan ya sha. Idan na hana, za a ce boko ya raba ni da addini.

Malam na Tafo Zango:
Ɗana, ka bar wannan a hannuna, ka karanta wa Innarka abin da zan rubuta. Neman waraka da Alƙur'ani ba a ce dole sai ta hanyar sha ba. A yi masa tofi, a karanta a kansa, rubutun kuma a shafa masa a fuska da jiki har zuwa ranar da masu gwajin haɗiya za su ce ya iya shan ruwa. Babu malamin kirki da zai ce a cutar da majinyaci da sunan neman albarka. Haka nan maganar salla, domin na san tana damun irin su Babanka fiye da ciwon kansa: wanda ba ya iya tsayuwa ya zauna, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance ta gefensa, a taimaka masa da alwala, in ruwa zai wahalar da shi a kawo masa dutse ko ƙasa mai tsarki ya yi taimama. Idan azumi ya zo, mara lafiya yana da rangwame, kada a tsallake magani saboda kunyar mutane.

Mai Gashin Ƙashi daga Asokore Mampong:
Na ga an ambaci fiziyo, kuma sana'ata ce, don haka bari in goyi bayan Malama a kan batun suna, tare da ban haƙuri ga Malam. Sunan da Hausa ta ba mu, masu gashin ƙashi, ya jawo ɓarna da na gani da idona. Mutane suna jin gashi sai su ɗauka ruwan zafi ne magani. Na je gidan wata dattijuwa na tarar da bororo tun daga gwiwa har idon sawu, saboda 'ya'yanta sun yi mata gashi da tawul da tafasasshen ruwa, ita kuwa ƙafar ba ta jin zafi balle ta janye. Ɓarin da ya shanye sau da yawa jinsa ma ya ragu. Aikinmu ga mai wannan ciwo ba gashi ba ne, koyarwa ce: sake koya wa ƙwaƙwalwa zama da miƙewa da taku da riƙe cokali, domin sassan da suka tsira suna iya ɗaukar aikin wanda ya lalace idan aka yi ta maimaitawa. Tausa tana da daɗi, amma motsin da Baba ya yi da kansa, ko da na ɗaga yatsa ne, ya fi tausar awa guda.

Ga wasu kalmomin da za ku ji a bakinmu. Sifastisiti shi ne sandarewar tsoka: da farko hannun yana laƙwas, bayan makonni sai ya fara ƙagewa, gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule. Mutane sukan yi murna su ce ƙarfi ya dawo, alhali ba ƙarfi ba ne. Idan ba a riƙa miƙe gaɓar a hankali kullum ba, sai ta daskare a haka, shi ne kwantirakca, kuma gyaransa da wuya. Sai gocewar kafaɗa: tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, nauyin hannu yana jan ƙashin ƙasa. Don Allah kada wanda ya ɗaga Baba ta wannan hannu ko ta hammata, a tallafe shi ta ƙugu da baya, in yana zaune a ɗora hannun a kan matashi. Wajen sa riga a fara da hannun da ya shanye, wajen cirewa a ƙare da shi. Sauƙi ya fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko, don haka yanzu ne lokacin aiki, ba a bar shi kwance ana cewa ya huta ba. Bayan nan ma ana ci gaba da samu, sai dai a hankali.

Malam na Tafo Zango:
A wannan kam na sallama. Ban taɓa tunanin kalmar gashi za ta kai ga ƙuna ba. Amma to me za mu kira ku? Masu koyar da motsa jiki ya yi kama da na 'yan ƙwallo.

Mai Gashin Ƙashi daga Asokore Mampong:
Malam, a nan zango kowa fiziyo yake cewa, kuma ni ya ishe ni. Sunan da na sa a zauren nan ma don a gane ni ne.

Ɗalibin Likita a KNUST:
Ina so in koma kan afeziya, domin an wuce ta da sauri, kuma ita ce aka fi zaluntar majinyaci a kanta. Akwai wanda harshensa da leɓensa ne suka yi nauyi, kalmominsa daidai suke amma suna fita a dagule. Wannan disatiriya ce, nauyin baki. Afeziya daban take, kalmomin ne suka ɓace. Wani yana gane duk abin da ake faɗa amma ya kasa kamo kalmar da yake so. Wannan shi ne nau'in da likitan Faransa Paul Broca ya bayyana a 1861, bayan ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya tak. Wani kuma magana na zuba a bakinsa amma ba ta da ma'ana, kuma ba ya fahimtar ta mutane, nau'in da Carl Wernicke na Jamus ya bayyana a 1874. Babu ɗaya daga cikinsu da yake hauka, ko ruɗewar tsufa, ko kurumta. Saboda haka a daina yi wa Baba ihu a kunne, a daina tattauna ciwonsa a kansa kamar ba ya nan. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a yi tambayar da amsarta i ce ko a'a, a ba shi lokaci.

Hajiya Maman Tagwaye:
Wannan yaro ya faɗi gaskiya. Kuma in ka ga Baba ya fashe da kuka ba dalili, ko dariya a inda ba ta dace ba, kada ku firgita, ciwon ne ke saka haka. Amma in ya daina cin abinci, ya juya wa bango fuska, ya ƙi yin atisaye, wannan ciwon damuwa ne, a gaya wa likita domin yana da magani. Sannan Innarka ma a duba ta, mai jinya ma majinyaciya ce. A gwada jininta, a rage dunƙulen magi da kifin gishiri irin su kobi da momoni a tukunyar gidan gaba ɗaya, ba a tasa kaɗai ba.

Malamar Jinya ta Asawase:
Hajiya ta riga ni. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne gishiri ƙasa da giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin magi da kifin gishiri. Ku sayi na'urar awon jini ta gida, ku riƙa rubutawa a littafi. In yana kaiwa 140 bisa 90 ko sama, a kai wa likita littafin. Ƙwayar hawan jini da ta rage kitsen jini ba a daina su don an ji sauƙi. Ka kuma duba katin inshorar lafiyarsa kada ya ƙare, ana sabunta shi ta waya da *929#.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai, iyayena. Daren jiya na karanta wa Inna duka, har da na Malam sau biyu, kuma yau da safe shafa masa rubutun ta yi. Amma ga wani abu da ya faru da magariba wanda ya raba kan gidan. Baba da ba ya iya kiran sunana, ba ya iya cewa ruwa da Hausa ko da Tonanci, yaren Asante, da ya yi shekara 40 yana cinikin goro da shi, da ƙanena ya fara karanta Fatiha a kusa da shi sai ya kama ya bi shi har ƙarshe, harafi bai faɗi ba. Inna ta ce ya warke, wani baffanmu kuma ya ce wannan ya nuna da gangan yake ƙin magana.

Ɗalibin Likita a KNUST:
Alhamdu lillahi, amma ba warkewa ba ce tukuna, kuma ba ganganci ba ne, ka roƙi baffa kada ya faɗi haka a gabansa. Abin da mutum ya haddace ya maimaita dubban sau, kamar Fatiha da ƙirga da gaisuwa, yakan fito ta wata hanya daban da ta maganar da ake ƙirƙira a lokacin, shi ya sa yakan tsira. Masu koyar da magana suna amfani da shi a matsayin tsani. Ka gwada fara masa abin da ya saba ka bar masa ƙarshen: ka ce salamu, ka yi shiru, ka ce ɗaya, biyu, ka jira.

Ɗan Aboabo:
Na gwada yanzu kafin in rubuta. Na ce masa Baba ina kwana, na yi shiru. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce lafiya. Ranar Alhamis za mu koma Komfo Anokye, zan tambaya ko za a haɗa mu da mai koyar da magana, in kuma nemi a sake gwada haɗiyarsa saboda muryar nan da na ji.